Kurakuran da Masu Wallafa Littattafai Ke Yi a Shafukansu na Intanet

Galibi a babbar kwamfuta ake gina shafin kamfanin ɗab'i, cikin ofis mai intanet a wadace, alhali mai sayen littafin yana Kubwa ko Nyanya da waya a hannu, yana tattalin data. Daga nan yawancin matsalolin ke tasowa.

Ga ɗanɗanon littafi, wato shafukan da ake bari mutum ya leƙa kafin ya saya. Sai a ɗora PDF mai nauyi, ko wani abu mai juya shafi tamkar littafin takarda. Ga kyau a ido, amma a waya rubutun sai ya yi mitsi-mitsi, kana ta buɗawa da yatsu biyu. A sa babin farko a rubutu zalla, ko a EPUB, tsarin littafin lantarki wanda ke daidaita kansa da fuskar waya.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwatin nema. Sunan littafi na da ƙ ko ɗ ko ɓ, mai nema kuwa ya rubuta k, d, b don abin da ke kan wayarsa ke nan. Shafi ya ce babu, littafi kuwa na jibge a sito. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne mabambanta, kuma dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamominsu ba ta taɓa ƙugiyar namu, sai mai gina shafin ya haɗa su da kansa. Wani zubin ma salon rubutun da aka zaɓa ba shi da su, sai ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan marubuci. Salon rubutun Noto Sans na da su duka. A kuma bari a nema da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai alƙaluma 13 tun 2007, wadda Laburaren Ƙasa ke bayarwa a Najeriya.

Tilasta rajista kafin a karanta shafi biyar korar ciniki ne. Me ya haɗa ɗanɗanon littafi da ranar haihuwa? Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta ɗora nauyi kan duk mai tara su.

Wajen biya, kati kaɗai bai isa ba, a ƙara tiransifa da USSD. A nuna kuɗin aikawa zuwa Jos ko Kano tun kafin mutum ya kai wurin biya. Madannin WhatsApp kuwa, in ba wanda aka ɗora wa amsa saƙo, gara a cire shi.