Yadda za ka sa a kira sunanka ranar rabon lambar yabo a kulob ɗin kasuwanci

Bara ƙanwata ta dawo daga makaranta ido jawur, wai ita ce ta fi kowa wahala a kulob ɗinsu na kasuwanci, ita ke dafa zoɓo tun asuba ita ke wanke robobi, amma da aka zo rabon lambar yabo wata daban aka kira. Na ce Ummi kawo min inda kika rubuta abin da kika yi. Shiru. Toh ai nan gizo ke saƙar, alƙalan nan ba su ga gumin kowa ba, takarda suke dubawa, kuma ni ma sai da na yi irin wannan kukan lokacin da nake kulob kafin na gane.

Matakin farko, ka san wace irin lamba ake bayarwa. Akwai ta ƙungiya akwai ta mutum ɗaya, kuma mutane na cakuɗa su. Enactus, ƙungiyar kasuwanci ta ɗalibai da ke jami'o'i da foli, wadda ake kira SIFE kafin 2012, gasarta ta tawaga ce, sunan makaranta ake kira. Junior Achievement da aka kafa a Amurka a 1919 ta shigo Najeriya a 1999, su kuma ɗalibai ne ke kafa ƙaramin kamfani su sayar da hannun jari su yi kaya su sayar. FBLA, wata ƙungiyar ɗalibai masu son kasuwanci ta can Amurka, tana da tsarin lambar mutum ɗaya hawa huɗu, kana gama ayyukan wani hawa malamin kulob ya tabbatar sannan ka wuce gaba. Kulob ɗinku ko ƙarami ne na cikin makaranta akwai ƙa'idar da yake bi, don haka satin farko ka je wajen malamin da ke kula da ku ka ce Malam don Allah a ba ni sharuɗɗan da ranar rufewa, ka ɗauke su a hoto.

Na biyu, karɓi muƙamin da yake barin shaida. Kowa shugaba yake so, alhali ma'aji da sakatare da mai kula da ciniki su ne aikinsu ke zama a rubuce. In ma ba ka samu muƙami ba ka ɗauki aiki guda ɗaya wanda kowa ya san naka ne, misali kai ne mai sayo kaya.

Na uku shi ne gundarin maganar, littafi. Sayi mai bango mai kauri kada ya zama na lissafi ne ka juya bayansa. Duk ranar da ka yi wa kulob wani abu ka sa kwanan wata, me aka yi, nawa aka kashe, nawa aka samu, wa da wa ke wurin. A ce kun haɗa jarin naira 20,000 za ku yi sabulun ruwa, ka shiga Sabon Gari sayen sinadarai ko Singa sayen suga in zoɓo ne ko Kwari in yadi za ku ɗinka, kuɗin adaidaita ma ka rubuta, don shi ne yake cinye ribar ɗalibai ba su sani ba. Yawancin 'yan kasuwarmu ba sa ba da rasit sai ka tambaya, ka ce Alhaji a ɗan rubuta min na makaranta ne, da wuya ya ƙi, in kuma tiransifa ka yi ka ajiye hoton alat ɗin a wani fayil daban kada ya ɓace cikin hotunan biki. Ka raba uwar kuɗi da riba shafi daban-daban. Bashi kuma ya samu nasa shafin da suna da ranar biya, saboda abokan aji su ne gwanayen "gobe zan ba ka", kuma bashin da ba a karɓo ba kada ka lissafa shi a riba, alƙali mai shago zai gano cikin minti ɗaya.

Na huɗu, yi wani abu a wajen makaranta. Irin waɗannan lambobi suna son a ga ka amfani jama'a, ba sai ka nemi babban abu ba, ka koya wa matan layinku goma haɗa sabulu ko ka nuna wa mai kanti yadda zai rubuta cinikin yau da kullum. Ka fara sanar da mai unguwa ko shugaban Islamiyyar da za a yi abin, in an gama ya sa maka hannu da hatimi in yana da shi. Hoto kuma sai da izini, musamman matan aure, wasu mazajen ba sa wasa da wannan.

Na biyar, duk ƙarshen wata kai wa malami littafin ya sa hannu. Kada ka tara sai ana saura kwana biyu, lokacin yana fama da makin jarabawa kuma ya manta ko kai ne ka je Dawanau ko abokinka.

Na shida, ranar gabatarwa. Ka tambayi minti nawa za a ba ka ka gwada da agogon waya gaban 'yan gidanku, ƙannenka ma sun isa, su ne ba sa jin kunyar yi maka dariya. Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce nawa kowace roba ɗaya take tsaya maka, da kuma me KAI ka yi, ba me kuka yi ba. Mu Kanawa an raine mu da kunyar yabon kai, sai ka ji yaro yana ta "mun yi, mun je", toh a nan wurin ka ce ni na sayo, ni na rubuta, ga shafin. In kun yi asara ka faɗa da dalilinta da abin da ka gyara, wallahi ya fi ƙarin gishiri karɓuwa.

Na ƙarshe ka miƙa da wuri. In ta intanet ake turawa kada ka jira daren rufewa, ranar ce za a ɗauke wuta kuma data ta ƙare. Ka kai takardun bizines santa a yi maka sikanin ka tura kwafi imel ɗinka. Shahadar in ta zo ka duba an rubuta sunanka daidai da na takardun makarantarka tun a wurin, gyara daga baya wahala ce. Littafin nan kuma kada ka yar, in ka kai shekara 18 za ka nemi tallafin Gidauniyar Tony Elumelu mai dala 5,000 ko za ka yi wa sana'arka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lissafin da ke ciki zai taimaka maka wajen cike fom. Ummi dai bana ta karɓi ma'aji, littafinta na farko har ya kusa cika.