Yadda Ake Warware Lissafin Lilon Dirak Ba Tare Da Kintace Ba

Ɗalibin fiziks a Jos da ya riga ya warware lilon Shirodinga (Schrödinger) a aji uku ya yi rabin aikin, domin lilon Dirak (Dirac), wanda Moshinsky da Szczepaniak suka yi masa suna a 1989, kansa yake komawa. Lilo a nan shi ne ƙwayar zarra da wani ƙarfi ke janyowa tsakiya duk lokacin da ta kauce, ta kasa tserewa.

Ka fara da layi ɗaya, wato x kaɗai. Rubuta lissafin da Dirak ya fitar a 1928, na ƙwayar zarra mai gudun da ya kusanci na haske, sannan duk inda p (ƙarfin tafiyar ƙwayar) take ka sa p − imωβx, inda m take nauyin ƙwayar, ω saurin kai-komon lilon, i kuma tushen −1. Kada ka mance da β, domin ita ce ke sa alamar ta bambanta tsakanin sassa biyu na amsar lissafin, wato sashen sama ψ₁ da sashen ƙasa ψ₂. Za ka samu lissafi biyu masu sarƙe da juna: (E − mc²)ψ₁ = c(p + imωx)ψ₂, da kuma (E + mc²)ψ₂ = c(p − imωx)ψ₁, inda E take makamashin ƙwayar, c kuma saurin haske. Ciro ψ₂ daga na biyu ka zuba a na farko.

A nan ne nake roƙon ka bi a hankali, ka buɗe bakan biyu, wato (p + imωx)(p − imωx), da biro a hannu, saboda xp da px ba ɗaya ba ne, bambancinsu, wato xp − px, iħ ne, inda ħ take tsayayyar lambar Planck da aka raba da 2π. Na sha ganin takardar ɗalibi mai kyan rubutu ta lalace a wannan layi kaɗai, ya soke su biyun kamar lambobin kasuwa. Idan ka kiyaye, abin da zai rage shi ne p² + m²ω²x² − mħω, wanda ba komai ba ne illa lilon Shirodinga da ka sani, an ninka shi da 2m, sannan an rage masa mħω. Saboda haka E² = m²c⁴ + 2nħωmc², inda n take 0, 1, 2 zuwa sama, kuma ψ₁ tana fitowa da jerin Hamit (Hermite), wanda lilon Shirodinga ma da shi yake fitowa, na mataki n, ψ₂ kuwa na mataki n − 1.

Daga nan ka gwada amsarka. Idan ħω ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan mc², dole E − mc² ta kusanci nħω, ba tare da rabin ħω na lilon Shirodinga ba. A matakin n = 0 kuma ψ₂ sifili ce, don haka E = +mc² kaɗai za ka karɓa, ka jefar da −mc², domin amsarta tana girma ba iyaka yayin da x ke nisa da tsakiya, kuma ƙwayar da ke ɗaure ba ta yin haka.