Yadda ake hawan dutsen Kwatarkwashi ba a sauko da kai a goye ba

Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san dutsen Kwatarkwashi, tun daga nesa kake hango shi ya tsaya a kan garin. Daga cikin mota sai ka ji ana cewa ai wannan minti 20 ne an kai sama. To ni na sha raka samari, kuma da wuya mu dawo ba wani yana ɗingishi ba.

Da farko kar ka kama hanya sai ka tambaya. Kowa ya san halin tsaron da ake ciki a yankin nan, ka kira ɗan garin tun da dare ka sake kira da asuba, in ya ce a bari to a bari, dutse ba gudu zai yi ba. In kun isa ku gaida manya a haɗa ku da yaron da ya san hanya, ɗan na goro kawai za ku ba shi. Dutse ne mai tarihi a wurinsu tun zamanin da ake bikin kamun maiki, in an ce kar a bi ta nan kar ka tsaya musu.

Lokaci kuwa, ƙarfe 6:30 ta yi maku a gindin dutse. Kafin 10 ya ɗau zafin da tafin hannu ba ya iya dafa shi. Ni dai Nuwamba nake so, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba. Da damina gansakuka ke sa shi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, ban da macizai cikin ciyawa.

Silifas haramun ne a tafiyata. Ka je gwanjo ka nemi kambas mai kaushin ƙasa, ba sai mai tsada ba. Fiya wata leda 4 kowane mutum, dabino da ƙuli-ƙuli a jakar goyo don hannu biyu su zama sake. Kuma don Allah a bar turare a gida, akwai ƙudan zuma a kogunan dutse.

Hawan kansa ba wani abu, a hankali, kana hutawa.

Saukowa ita ce matsalar, nan ne kowa ke cin ƙasa har da ni. An gaji, gwiwa na rawa, ga gari ana hange sai mutum ya fara sauri, alhali akwai wani ɗan tsakuwa-tsakuwa a kan falalen dutse da ba ka ganin shi sai ka taka. Ranar da ya ɗauke ni waya na hannuna ina ɗaukar hoto, ban ankara ba sai ga ni zaune ina sulalewa, wando ya yage ta baya, gilashin waya ya tashi aiki, yaron da ke mana jagora yana ta "sannu yaya" yana ɓoye dariya. Tun daga nan dokata: waya cikin jaka, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kana sauka a kaikaice kana karkatawa dama da hagu, ba miƙe sambal ba. In wuri ya yi tsaye da yawa ka zauna ka ja gindi, ba wanda zai ba ka kyauta don ka sauko a tsaye. Kar ka riƙe ciyawa ko busasshen reshe, tugewa suke. Kuma ku bar tazara tsakaninku, in na sama ya turo dutse ya yi ihu.

Ku bi hanyar da kuka hau, banda yanke. Ku kwaso ledojinku, azahar ta same ku a cikin gari.