Kwikwiyon da ke sakin fitsari da zarar ya ganka: yadda za ka raba shi da abin ba tare da duka ba

Duk wanda ya taɓa rainon ɗan kwikwiyo ya san wannan abin. Ka dawo daga kasuwa ko wurin aiki, kana turo ƙofa ya taho a guje yana kaɗa bindi kamar zai tsinke, yana tsalle yana lasar ƙafarka, kafin ka ankara sai ka ji ɗumi a kan takalmi, ka duba ƙasa ga ɗigon fitsari nan tun daga bakin zaure. Dole rai ya ɓaci, balle mu da fitsarin kare najasa ne a wurinmu, sai ka canza wando ka wanke ƙafa kafin ka yi sallah, in kuma baƙo ya yi wa to ga kunya. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi silifas ne ko tsumagiya. Dan Allah ajiye su tukuna.

Wallahi bai ma san ya yi ba. Tsokar da ke riƙe bakin mafitsararsa ce ba ta gama ƙwari ba, idan zumuɗi ya cika shi sai riƙon ya kuɓuce, shi ya sa za ka ga bai tsuguna ba, bai ɗaga ƙafa ba, bai nemi lungu ba, yana cikin tsallen ne abin ke zuba. Yawancinsu kafin su cika shekara ɗaya sun daina da kansu, in dai mu ba mu ɓata lamarin ba. Kuma duka ne ke ɓata shi. Ina da wani baƙin kwikwiyo Duna da na karɓo yana wata 2, kullum da yamma sai ya jiƙa min ƙafa, wata rana ƙanena ya fusata ya zabga masa takalmi ya kuma goga hancinsa cikin fitsarin wai don ya ɗauki darasi. Daga ranar nan, da zarar ya ji muryar yaron sai ya kwanta ya saki fitsari, da farko murna ce kawai, muka mayar masa da ita tsoro, sai da muka sha wahalar watanni kafin ya warware.

To ka fara gane wanne iri ne naka yake yi, don suna kama amma ba ɗaya ba ne. Na murna, bindi a sama yake, jiki a sake, baki buɗe, shi ke zuwa wurinka. Na tsoro kuwa za ka ga ya kwantar da kunnuwa baya, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya ƙanƙance jiki yana kauda ido, wani lokaci ya mirgina ya nuna maka ciki sannan fitsarin ya fito. A yarensu na karnuka wannan ban haƙuri ne, yana ce maka ni ƙarami ne kar ka cuce ni, kai kuma in ka daka masa tsawa a lokacin sai ya ɗauka haƙurin bai isa ba ya ƙara wani. Akwai na uku wanda ciwo ne, zan zo kansa.

Babban gyaran yana bakin ƙofa ne. Idan ka shigo gida ka yi kamar ba ka gan shi ba, kar ka kira sunansa, kar ka kalle shi ido cikin ido, kar ka miƙa hannu. Na san da wuya, abu na ta rawar jiki a gabanka kai kuma ka share shi, amma minti 3 zuwa 5 ne kawai. Wuce kai tsaye ka nufi inda ka ware masa na fitsari, zai biyo ka ai, ka tsaya shiru har ya yi, in ya gama sai ka yaba masa a hankali da murya ƙasa-ƙasa. Yanzu mafitsara ta zama fanko, ko ya yi murna babu abin zuba. Gaisuwar ma a waje za a yi ta, kan ƙasa ko yashi, nesa da tabarma da inda ake shimfiɗa darduma da wurin wanke-wanke, ko da an samu kuskure ka kwashe ƙasar da shebur shikenan ba wanda ransa zai ɓaci.

Yadda kake taɓa shi ma da magana. Mu mun saba mu tsaya a kansa mu sunkuyo mu dafa masa ka, ga ƙaramin kare wannan kamar gini ne zai faɗo masa. Ka tsuguna, ka ba shi gefen jikinka, ka bari shi ya matso, sannan ka sosa masa ƙirji ko ƙarƙashin haɓa, kaɗan, ka janye hannu tun bai hau sama ba. In ka ga jikinsa ya fara ɓari ka miƙe ka tafi abinka, ka dawo bayan ya lafa.

Sai ka ba shi wani aikin da zai yi a madadin tsalle. Mafi sauƙi shi ne zama. Ka riƙe ɗan guntun dafaffen nama ko hanta kamar ƙwayar gyaɗa a saitin hancinsa, ka ɗaga hannun a hankali zuwa bayan kansa, da kansa zai ajiye ɗuwawu, yana ajiyewa ka ce "zauna" ka ba shi. Sau 5 ko 6 a zama ɗaya ya isa, safe da yamma, kuma a lokacin da gida yake shiru za a fara, sai ya iya sosai ka kai darasin bakin ƙofa. Wata dabarar da ta yi min aiki da Duna ita ce ina shigowa na watsa 'yan gutsattsarin abinci a ƙasa, sai hanci ya koma ƙasa yana shinshina yana tsinta, kafin ya gama wutar ta mutu. Amma kar ka yi wannan da tsire ko kilishi, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, yaji kuma ya ɓata masa ciki.

Inda aikin ke rushewa shi ne wurin yara da baƙi. Kai kana ta lallaɓawa, yara su dawo daga makaranta su shigo da ihu suna tsokanarsa suna gudu yana bin su, an koma gidan jiya. Dole ka tara mutanen gida ka gaya musu doka ɗaya ce ga kowa: ba kira, ba kallo, ba taɓawa sai ya natsu. Idan baƙo ya yi sallama, kafin ka ce ya shigo ka fitar da kwikwiyon ya yi fitsari ka sa masa igiya, ko ka kai shi ɗakinsa. Dama yawancin baƙinmu ba sa son kare ya taɓa musu tufafi, ka ga an huta ta kowane ɓangare.

Akwai wani abu da nake gani a gidaje da yawa da yake damuna. A ɗaure kare da sarƙa ko a kulle shi a keji tun asuba har ƙarfe 10 na dare wai don ya yi zafi wurin gadi, ba wanda ya kula shi duk yini, to ranar da aka buɗe shi ya za a yi ba zai haukace da murna ba? Kwikwiyo ba zai ma iya riƙe fitsari tsawon wannan lokaci ba. Ƙiyasin da ake yi shi ne kamar awa ɗaya a kan kowane wata na shekarunsa, wato ɗan wata 3 kar ya wuce awa 3 ba a fitar da shi ba da rana. Ka fitar da shi da ya tashi daga barci, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa. Ka zaga da shi da sanyin safiya ko bayan la'asar ya gaji, karen da ya motsa jiki gaisuwarsa ba ta yin zafi. Kuma kar ka ce za ka hana shi ruwa don fitsarin ya ragu, a zafin watan Maris da Afrilu wannan kisa ne, ruwa ya kasance a gabansa kullum.

Wurin wankewa, kar ka yi a gabansa kana faɗa, ka kau da shi tukuna. Ka tsane wurin da tsumma, ka wanke da ruwa da omo, sannan ka bi da ruwan khal wato binega da aka sirka da ruwa rabi da rabi don warin ya mutu, in ba haka ba hancinsa zai riƙa dawo da shi nan. Kar ka zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai ƙona ido da maƙogwaro, sai bayan ka wanke, kuma ka ɗauraye ya bushe kafin kare ya taka. Ka wanke hannunka da sabulu, don akwai cutar leptosifirosis da ake ɗauka ta fitsarin kare da na ɓera, tana taɓa ƙoda da hanta, tana cikin abin da allurar rigakafin 'yan kwikwiyo ke karewa, wadda ake farawa tun suna sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma a wata 3.

Sai na ukun da na ce. Idan ka ga jini a fitsarin, ko yana yawan tsugunawa yana nishi amma ɗan kaɗan ke fita, ko yana shan ruwa fiye da ƙima, ko ka tarar da makwancinsa a jiƙe alhali barci yake ba murna ba tsoro, wannan ya wuce horo. Zai iya zama ciwon mafitsara, ko tsakuwa, ko ciwon suga, wasu kuma da matsalar aka haife su, bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda bai shiga inda ya kamata ba. Karyar da aka yi wa aikin cire mahaifa ita ma takan fara yoyo cikin barci daga baya, kuma akwai maganinsa. Haka babban karen da bai taɓa yi ba ya fara rana ɗaya, ko wanda ya haura shekara abin bai ragu ba. Ka kai shi wurin likitan dabbobi, kar ka sayo kafso a kemis ka ɗura masa. Manyan garuruwanmu akwai asibitin dabbobi na gwamnati, waɗanda ke kusa da Zariya ga na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. In za ka je ka tari fitsarinsa na farko da safe a kwano mai tsabta, ka juye a kwalba mai murfi, ka kai shi cikin awa ɗaya ko biyu kafin zafi ya ɓata shi.