Yadda za ka kalli tsohon fim ɗin iyali ka gane wa aka ba baki a cikinsa

Duk ƙarshen wata nakan tara yaran unguwarmu a zauren gidanmu a Tudun Wadan Zariya, mu kalli tsohon fim ɗaya. Wanda na fi maimaitawa shi ne Mother India na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, don iyayenmu sun san shi tun zamanin silima a Sabon Gari. Ga yadda nake yi, idan kana so ka gwada.

Fara da neman dattijo ko dattijuwa. Ni goggona nake ɗaukowa daga cikin birni, ta Ƙofar Doka, a Keke Napep. Ba ta jin Indiyanci, amma ta san noma ta san bashi. Sannan ka tanadi caji ko man janareto, domin fim ɗin ya kusa awa uku. Nakan raba shi biyu, mu tsaya don sallar Isha'i.

Kada ka tsallake sunayen da ake rubutawa a farko. Mehboob Khan Musulmi ne, haka Naushad da ya yi kiɗan, haka Nargis da ta fito a matsayin Radha, asalin sunanta Fatima Rashid. Amma iyalin da labarin ya ginu a kansu Hindu ne. Ka bar yaran su yi muhawara a kan wannan: shekara goma ke nan da raba Indiya da Pakistan a 1947, ga Musulma an ɗora mata sunan uwar ƙasa.

Sai ka ba kowa takarda da biro, ya riƙa rubuta wanda ya yi magana da wanda aka nuna kawai yana tsaye a baya. A nan ne aikin yake. Za su ga Radha, mace manomiya matalauciya, ita ce ginshiƙin labarin. Mijinta Shamu dutse ya danne masa hannuwa biyu, ya rasa su, ya bar gida saboda kunya, daga nan ba a sake jin ta bakinsa ba. Wannan yana ci mini rai har yau: naƙasasshe ya fita daga labarin daidai lokacin da ya kamata a saurare shi.

Idan an zo wurin littafin bashin Sukhilala, mai ba da bashi a ƙauyen, tsayar da fim ɗin. Rufi 500 na kuɗin Indiya aka ci bashi don bikin Radha, aka jinginar da gona, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin, su kuwa ba su iya karatu ba balle su duba abin da ya rubuta. Ranar da muka kai nan, Goggo ta ajiye carbinta a cinya ta ce, "Ɗan nan, mayar da shi baya." Na mayar. Sai ta ba mu labarin buhunan dawa da aka kwashe daga rumbun mahaifinsu a lokacin girbi saboda bashin damina. Zauren ya yi tsit.

Tambayar ƙarshe 'yan mata nake fara ba wa: da Radha ta harbe ɗanta Birju don kare 'yar mai bashin, jaruma aka nuna, ko an ɗora wa uwa kayan da ba a ɗora wa kowa ba? Samari sukan yi saurin amsawa, don haka ka ce su dakata sai 'yan matan sun gama.