Darasi Na 9: Hannu Ma Yana Magana

Karatu

Duk ranar da aka ce a rufe littafin karatu a yi zane ko a tsara 'yar waƙa, akwai maganar da ba a rasa ji a ajin manya. Wani zai ce, "Malam, ni fa ba ni da basira." Wata kuma ta ce, "Ai wannan na yara ne. Ni da jikokina?"

Mai wannan magana kuwa, wataƙila da safiyar ranar ya gyara ƙofar da ta ɓalle da guntun waya da ƙusa biyu. Ita ma wataƙila ta lallashi jariri da waƙar da ta ƙaga nan take, wadda ba ta taɓa ji a bakin kowa ba. To, wannan ita ce ƙirƙira: mutum ya ɗauki abin da ke gabansa ya haɗa shi ta hanyar da ta fito daga kansa. Mai ɗinke yagaggen tufafi da zare mai launi yana yin ta. Haka mai jera tukwanen fure a bakin taga, da mai ba da labari yana sauya murya. Kun daɗe kuna yi, sunan ne kawai ba ku ba ta ba.

Yanzu kun iya riƙe alƙalami. Da yawanku kun zo ajin nan ne don ku iya sa hannu a takarda, ku karanta saƙo ba tare da neman wani ba. Wannan babban abu ne. Amma ina so ku san alƙalamin nan yana da wani aiki, wato fitar da abin da ya tokare a ƙirji. Kowannenmu yana ɗauke da wata magana da ya kasa faɗa wa kowa. Wani rashi aka yi masa, wani bashi ya hana shi barci, wani kuma kalma ɗaya aka yaɓa masa shekaru da suka wuce, har yau tana ci masa rai. Takarda ba ta katse mutum, ba ta kuma kai gulma.

Abin da masu bincike suka gani

A shekarar 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Texas ta Amurka, James Pennebaker, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da ɗaliban jami'a 46. Ya sa kowa ya zauna shi kaɗai ya yi rubutu na minti 15, kwana 4 a jere. Wasu an ce su rubuta abubuwan da ba su taɓa zuciya, kamar yadda ɗakinsu yake. Wasu kuma an ce su rubuta wani mummunan abu da ya taɓa samunsu, da yadda suka ji a ransu.

Ku lura da abin da ya biyo baya, domin ya shafe ku. Waɗanda suka rubuta damuwarsu ba su tashi da murna ba. Da farko ma ransu ya ƙara ɓaci. Amma a watannin da suka biyo, zuwansu asibitin jami'a ya yi ƙasa da na sauran. An maimaita irin wannan gwaji sau da yawa a wurare daban-daban. Amfanin ba ya zuwa wa kowa daidai, wani ya samu da yawa, wani kaɗan. Sai dai an lura cewa wanda ya fi amfana shi ne wanda, yana cikin rubutu, ya fara gane yadda abin ya faru da dalilinsa. Damuwa idan tana cikin kai, a cukurkuɗe take kamar zaren da ya harɗe. Rubutu yana tilasta wa mutum ya nemo bakin zaren, domin ba a rubuta kalma biyu a lokaci guda.

To, wanda rubutu bai zauna masa a hannu ba fa? A wani bincike da aka wallafa a 2016, a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya a Amurka, an ba manya 39 takarda da alƙaluma masu launi da laka, aka ce kowa ya yi abin da ya ga dama na minti 45. An gwada yawunsu kafin su fara da bayan sun gama, ana duba kotizol, wato sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan mutum ya shiga damuwa. Kusan kashi 75 cikin 100 nasu ya ragu. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, ba a ga bambanci tsakanin wanda ya saba zane da wanda bai taɓa yi ba. Jiki bai tambayi ko zanen ya yi kyau ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta fitar da rahoton da ya tattara bincike fiye da 3,000 kan yadda waƙa da rawa da zane da karatu ke taimakon lafiya.

Gemu ba ya hana ilimi

Ga masu cewa lokaci ya wuce, ga labarin wata manomiya a jihar New York, Anna Mary Robertson Moses. An haife ta a 1860. Ta daɗe tana aikin allura da zare, har amosanin gaɓɓai ya kama mata yatsu, riƙe allura ya gagara. Sai ta koma zane da buroshi, a lokacin ta kusa shekara 80, kuma ba ta taɓa zuwa makarantar zane ba. Gonaki ta riƙa zanawa, da dusar ƙanƙara, da mutanen da ta sani tun ƙuruciya. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, ta bar zane fiye da 1,500.

Ta yi suna, amma ba don sunan na kawo ta ba. Ku dubi abin da ta yi ranar da allura ta gagare ta. Ba ta naɗe hannu ba, kayan aiki ta sauya. Wanda ido ya fara yi wa rauni yana iya rera waƙa. Wanda hannu ke rawa yana iya ba da labari a ɗauka a waya.

Yadda za a fara

Ku ware littafi guda, dabam da na aji, ku ajiye shi inda ba mai taɓawa. Ku zaɓi lokaci kaɗan, minti 10 ko 15, wanda ba mai kiranku. Idan kuka ce sai kun sami awa guda, ba za ku samu ba.

Kada ku tsaya gyara. Wannan shi ne wurin da manya suka fi tuntuɓe. Mutum ya rubuta layi ɗaya, ya ga harafi ya karkace, ya goge, ya sake, ya goge, har minti 15 ya ƙare a kan layi ɗaya. A wannan littafi kuskure ba laifi ba ne. Kalmar da ba ku iya rubutawa ba, ku zana hotonta ko ku ja layi ku wuce. Idan kan ya toshe, ku fara da abin da ido ke gani: "Ga kujera. Ƙafarta ɗaya ta gajarta." Sau da yawa layi na uku ko na huɗu shi ke jawo abin da ke zuci.

Kuma ba sai baƙin ciki ake rubutawa ba. Abin dariya, mafarki, kamannin mahaifiya, ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, duk sun cancanci shafi. Masu bincike a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan sun bi matasa 658 na kwana 13, suka ga cewa ranar da mutum ya yi ɗan aikin ƙirƙira, washegari ya fi jin kuzari da walwala.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake. Idan kuka taɓo wani miki kuka ji abin ya fi ƙarfinku, ku ajiye alƙalami, ba dole. Idan kuma ƙunci ya haura mako 2, barci ya ƙaurace, sha'awar komai ta fita, ku je ku ga ma'aikacin lafiya. Wannan littafi mataimaki ne, ba ya maye gurbin likita.

Sababbin kalmomi

Ku karanta da ƙarfi, sannan ku kwafa sau uku: ƙirƙira, basira, natsuwa, walwala, sinadari. Ku kula da lanƙwasar ƙ a "ƙirƙira", sau biyu ta fito.

Tambayoyi

1. Minti nawa ɗaliban Pennebaker suka yi suna rubutu a kowace rana? Idan aka haɗa na kwana 4, minti nawa ke nan?
2. Me ya sa Anna Moses ta bar allura?
3. Wane abu kuka taɓa gyarawa ko ƙagawa da dabararku? Ku faɗa wa na kusa da ku.

Ga malami

Kada a sa jan biro a wannan littafi, kada kuma a tilasta wa kowa ya karanta nasa a gaban aji. Wanda ya so ya nuna, a saurare shi har ya gama, ba gyara, ba dariya.

Aikin gida

Daga yau zuwa darasi na gaba, ku yi zama 4 na minti 15. A zama na farko ku ɗora tafin hannunku a kan shafi, ku zagaye shi da fensir, ku rubuta a cikin kowane yatsa abu ɗaya da hannun nan ya iya. Sauran zama uku naku ne: rubutu, zane, waƙa, ko duk wanda rai ya so. A ƙasan kowane shafi ku sa kwanan wata, da kalma ɗaya da ta nuna yadda kuka ji bayan kun gama.