Yadda ake bin sawun ɗan ƙodagon Sin a takardun Kyuba na zamanin mulkin Sifen

Tsakanin 1847 da 1874 an sauke Sinawa kimanin 125,000 a tsibirin Kyuba, wanda ke hannun Sifen a lokacin, kusan dukkansu maza, aka tura yawancinsu aikin kwangila a gonakin rake na yankin Matanzas da Cárdenas da Colón. Kowannensu ya bar takardu a baya, kuma duk wanda yake neman kakansa a cikinsu, ko yake bincike a kan wannan zamani, zai fi samun nasara idan ya bi takardun a jeren da hukuma ta bayar da su, ba a jeren da suka faɗo hannunsa ba.

Kada ka dogara da suna. Wannan ne wurin da masu bincike suka fi ɓata. Magatakardan Sifen sun rubuta sunayen Sinanci yadda kunnensu ya ji, sannan da isar mutum Havana sai a laƙaba masa sunan Kirista irin su José ko Pedro, daga baya kuma ya ɗauki sunan ubangidansa ko na wanda ya tsaya masa wajen baftisma. Mutum ɗaya yana iya fitowa da sunaye uku a takardu uku. Abubuwan da ba su cika canzawa ba su ne sunan jirgin da ya kawo shi, da shekarar isowa, da lambar da aka ba shi, da sunan wanda ya fara sayen kwangilarsa, don haka su za ka fara rubutawa a gefe kafin ka buɗe kowane kundi.

Takarda ta farko ita ce kwangilar kanta, wadda aka fi sa wa hannu a Makau, tashar gaɓar Sin da Fotugal ke riƙe da ita a lokacin, ko da yake jirgin farko, Oquendo, daga tashar Amoy ta Sin ya taso ya iso Havana a watan Yuni na 1847. An buga kwangilar da Sifaniyanci da Sinanci, tana ɗaure mutum shekara takwas a kan ladan feso huɗu a wata, tare da abinci da tufafi. Ka nemi wanda zai karanta maka ɓangaren Sinancin, domin a nan ne ake iya samun sunan gaskiya da haruffansa na asali, kuma kwanan watan yana bin shekarun sarautar sarkin Sin, wato Xianfeng ko Tongzhi, sai an mayar da shi lissafin Miladiyya. Sannan ka juya takardar. A bayanta ko a gefenta ake rubuta miƙa kwangilar daga hannu zuwa hannu, kuma waɗannan layuka ƙanana su ne za su gaya maka gonar da aka kai shi da gundumar da za ka ci gaba da nema. Idan ka ga an ce mutum ɗan Kanton ne ko ɗan Makau, ka ɗauke shi da taka-tsantsan, domin sau da yawa sunan lardi ne ko na tashar jirgi, ba na garin haihuwa ba.

Ta biyu ita ce takardar shaida da ake kira cédula, wadda ake sabuntawa shekara-shekara. Tana nuna suna da shekaru da sana'a da ubangida, kuma tana bayyana ko mutum yana cikin kwangila ne ko ya kammala. A takardun hukuma za ka ga ana kiransa colono asiático, wanda ya cika wa'adinsa kuma cumplido. Wanda 'yan sanda suka tare babu wannan takarda ana ɗaukarsa a matsayin gudajje, a kai shi wurin tsarewa da ake kira depósito, inda ake sa shi aikin hanya da sauran ayyukan hukuma ba lada. Saboda haka idan sawun mutuminka ya ɓace na shekara ɗaya ko biyu, ka duba rajistar waɗannan wurare kafin ka yanke cewa ya mutu.

Abin da ya fi muhimmanci ka tantance shi ne ko ya iso kafin dokar 1860 ta fara aiki ko bayanta, domin wannan doka ce ta raba makomar mutane biyu da suka yi aiki a gona ɗaya. Ta tilasta wa wanda ya gama shekarunsa takwas ya sake shiga wata kwangila ko ya bar tsibirin da kuɗin aljihunsa cikin wata biyu, alhali kowa ya san feso huɗu ba ya tara kuɗin jirgi zuwa Sin. Ga waɗanda suka zo bayanta, kwangiloli na biyu da na uku za ka nema. Waɗanda suka riga ta ne ke da hanyar neman izinin zama, carta de domicilio, kuma fayil ɗin neman wannan izini ya fi kowane yalwar bayani, tunda a cikinsa ake haɗa shaidar ubangida cewa an kammala wa'adi, da shaidar kyakkyawan hali, da takardar baftisma ta cocin Katolika. A kundin coci ka duba littafin Turawa da na baƙaƙen fata duka biyun, domin limaman coci ba su bi ƙa'ida ɗaya ba wajen rubuta Sinawa. Bayan shekara biyar da izinin zama ne mutum zai iya neman carta de naturaleza, ya yi rantsuwar biyayya ga sarautar Sifen ya zama talakanta.

A ganina kuskure ne babba a karanta waɗannan takardu kamar mutumin ne yake magana. Baftismar da ke cikin fayil sharaɗi ce da hukuma ta gindaya, ba ta isa ta nuna abin da ke zuciyarsa ba, kuma sa hannu a kwangila ba ya nufin yarda, tunda da yawa yaudararsu aka yi ko sace su. Muryarsu tana cikin rahoton kwamitin da gwamnatin Sin ta aika Kyuba a 1874 ƙarƙashin Chen Lanbin, wanda ya ɗauki bayanin mutum 1,176, cikinsu har da masu kukan cewa iyayengidansu sun hana su takardar kammalawa, ko jami'ai sun ƙwace wadda suka samu. Ka ajiye wannan rahoto kusa da kowace cédula da kake karantawa.

Wuraren nema kuwa su ne Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Havana, da sashen Ultramar, wato na takardun yankunan mulkin mallaka, na takwaransa a Madrid, da kundayen coci-coci na garuruwan rake. Jami'ar Jihar Arizona a Amurka ta ɗora tarin irin waɗannan takardu a intanet, wanda ya isa ka saba da kamanninsu da rubutun hannun magatakarda kafin ka yi tafiya. Idan mutuminka ya rayu har bayan yarjejeniyar Sin da Sifen ta 1877, ka ƙara da takardun ofishin jakadancin Sin da aka buɗe a Havana a 1879, inda Sinawa suka riƙa yin rajista suna karɓar shaidar zama talakawan sarkin Sin.